Akwatin da zai bar duniya

Laraba da dare, Jamaica.

Yau a sitonmu na filin jirgi aka sauke akwatin wani kamfanin tauraron ɗan'adam, hannun mutum-mutumi ne a ciki. An manna masa ɗan gilashi, da zarar akwatin ya bugu, gilashin zai koma ja. Oga Bala ya ce, "Sani, in ya yi ja, ka nemi wani aikin."

Ni zai gaya wa? Na karanta labarin hannayen nan tun bai san da su ba! Na haɗiye zagin da na saba yi, na ɗauki akwatin da motar ɗaga kaya, ina lallaɓawa kamar tiren ƙwai, direbobi na ta danna min hon. Gilashi fari tas! Alhamdulillahi.

Na kira Umma ina ihu: kayana za su sararin samaniya, kuma ban zagi kowa ba. Ta ce, "Kowa? Ɗan nan, maimaita min wannan."