Gonar Kaka Jaji da Rabon Kakan Solanj

Zuwa ga ƙanena Zainul Abidin,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarmu Solanj da 'yarmu Khairiyya, Ya sassauta muku sanyin Kanada. Mu nan Kaikai ta ƙasar Kusada lafiya lau. Inna ƙafar ta yi sauƙi har tana leƙa maƙwabta. Ni kaɗai ce na kasa zaune na kasa tsaye, kuma kai ne sila.

Ka san tun rasuwar Baba gandun Kaka Jaji ya hana gidanmu sakat. Ƙorama gefe guda take, Yaya Rufa'i yana son bakin ruwan don noman rani, Hussaini yana son shi don shanunsa. Har sun daina cin tuwo kwano ɗaya. Rannan ina ɓarar gyaɗa sai na tuna zuwanku, ranar da Solanj ta zauna kan tabarmata tana ba mu labarin kakan kakanninta Onezim, kana fassarawa kana cinye mana gyaɗa. Ta ce daga Faransa ya hau jirgin ruwa, ya sauka bakin wani babban kogi a can Kanada, ya sare daji da gatari, yana noma rabin shekara, ƙanƙara na kulle shi a ɗaka sauran rabin. Da ya tsufa bai yanka gonar gida-gida irin namu ba, a tsaye ya tsaga ta, siriri-siriri, kowane ɗa kan gonarsa na shan ruwa, wutsiyarta na cikin daji. Har da yatsa ta zana mana a ƙasa.

Wannan zanen na yi wa mai unguwa da Liman. Yaya Rufa'i ya ce yaushe Bature ya fara raba gadon Jaji, Liman ya ce shari'a rabo ta faɗa, ba ta ce ga yadda za a ja igiya ba. Aka ja igiya daga tsamiyar tudu har ƙorama. Nawa rabin naku ne, siriri kamar ɗankwali, shanun huɗa da ƙyar suke juyawa, amma yana taɓa ruwa. Yaya ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: ba zai haɗa iyaka da Hussaini ba. Shi ya sa na ce a sa naka a tsakiya. Ranar suka gaisa, Zainu, har Inna ta yi hawaye.

Sai ga saƙonka a wayar Hussaini, wai ka yafe rabonka, wanda yake so cikin 'yan'uwa ya ɗauka. Na san alheri ka nufa, amma ka daɗe ba ka gida. Washegari Yaya ya kai taki ya zuba a ciki, Hussaini ya je ya kafa turke ya ɗaure bajiminsa. Yanzu kowa da gatari yake fita gona, alhali ba abin sara a wurin. Hadari ya fara haɗowa ta wajen Tafashiya, in ruwa ya sauka wani zai riga wani shuka, kuma ban san abin da zai biyo baya ba. Tsoro nake ji.

Ka kira su, kowa daban, ka ce ka janye maganarka, gonar ta Khairiyya ce. Ko ciyawa ce ta fito a ciki ban damu ba. Ba gona nake roƙonka ka riƙe ba, so nake ka tsaya tsakanin yayyenka.

Inna na gaishe ku, haka yarana Ummusalma da Abdullatif. Ka gaida Solanj, ka ce mata dabarar kakanta ta zauna a Kusada, mijinta ne ya ture ta. Na dasa gamba a iyakokinka biyu da hannuna, kullum ina ba ta ruwa kafin ka kira.

Yayarka,
Amatullah