Bukkar da Dennis Ya Gina

Suffolk, Maris

Ɗana Giles,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Helen da jikokina. Yaya sanyin Kanada? Ina fata tarin nan ya sake ka. Ni kalau nake, in ban da gwiwar nan da ba ta jin magana.

Jiya muka yi taron gidauniyar tunawa da babanka, don zaɓen wanda za mu tallafa wa bana cikin masu binciken zamanin Anglo-Sakson, mutanen Ingila na dā. Yawancinsu abin da aka saba ne, a taimaka musu su je duba tsofaffin rubuce-rubuce. Sai wata Dakta Imogen Thurlow, ita cewa ta yi a ba ta bukkar babanka ta ƙona.

Zauna tukuna ka ji. Ka san abin da ya yi ta jayayya a kai har ya bar duniya: mutanen wancan zamani ba a cikin ramin bukkokinsu suke zama kamar kwaɗi ba, katako suke shimfiɗawa a saman ramin. Shi ya sa ya gina tasa haka a bayan gona, har da masaƙa a ciki. Imogen ta ce an haƙo tsofaffin bukkokin da gobara ta ci, in aka ƙona tasa aka gwada abin da ya rage da nasu, za a san gaskiya. Farfesa Aldous, abokin musun babanka, har da cewa, "Wendy, ke dai ki ce to, ashana a wuyana." Tsoho ba kunya. Na ce su bari in yi tunani.

Ka sumbatar mini yaran.
Mamanka, Wendy

Suffolk, Mayu

Ɗana Giles,

Ina fata kuna lafiya, kuma ka ɗan huce. Wasiƙarka ta iso, na ga yadda ka danna biro har ya huda takarda.

Na san kai ka riƙa miƙa masa ciyawar jinka, na san bukkar ce abu na ƙarshe da hannunsa ya bar mana. Amma yaushe rabonka da ganinta? Na shiga ranar Lahadi. Rufin yana yoyo, ginshiƙi ɗaya ya ruɓe. Ka tuna dunƙulen yumɓun nan masu kama da awarwaro, da kuka mulmula tare ya ɗaura wa zaren masaƙa? Ɗanyen yumɓu ne. Na taɓa ɗaya ya marmashe a hannuna. Na zauna na yi kukana, sannan na kira Imogen na ce na yarda.

Ka roƙa a cire masaƙar a ajiye maka. Na tambayi Imogen, ta ce, "Mama, in aka cire ko tsinke, aikin ya ɓaci." Gaskiyarta. Babanka ba don mu riƙa zuwa kuka ya gina bukkar ba, amsa yake nema. In wutar ta nuna kuskure ya yi, to da sunansa da tallafinsa za a bayyana haka, kuma ba zan sunkuyar da kai ba. Abin da nake tsoro kawai kada ka ƙi yafe mini.

Mai ƙaunarka kullum,
Mamanka

Suffolk, Satumba

Ɗana Giles,

Ina gaishe ka, ko da yake shiru ba amsa tun Mayu. Helen ta ce lafiyarka ƙalau, taurin kai ne kawai. Na san inda ka gado shi.

Mun ƙona bukkar wata safiya kwanakin baya, 'yan kwana-kwana na tsaye suna shan shayina. Aldous ya zo da ashanarsa, na karɓe, na ce matar mai gida ce za ta kunna. Na ƙyasta na kunna. Kafin shayin ya huce rufin ya rufta.

Bayan ta yi sanyi, Imogen da ɗalibanta suka shafe makonni suna tone toka da ƙananan cokula. Dunƙulen yumɓun sun faɗi a jere a kan gawayin katako, daidai yadda aka same su a tsofaffin bukkokin. Imogen ta ce bukka ɗaya ba ta kashe musu, amma daga yau ba mai yi wa maganar babanka dariya. Aldous ya cire hula ya ce, "Dennis ya kayar da ni, kuma ba ya nan balle in rama." Giles, ranar na ji kaina ya kusa taɓa sama.

Ga ƙunshi nan tare da wasiƙar, ka buɗe a hankali. Wutar ta gasa yumɓun ya yi tauri kamar tukunya, ruwa ba zai sake cinsa ba. Imogen ta gama awonta ta ba ni ɗaya. Juya shi ka duba gefe. Babban shatin yatsan na babanka ne. Ƙaramin da ke kusa da shi naka ne.

Ina jiran amsarka.
Mamanka, Wendy Kerridge