Salad ɗin da Inna ta ɗumama

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Baba? Mu nan garin Ridina lafiya.

Jiya maigidana Malam ya dawo daga tafiya. Na yi masa salad ɗin dankali irin na Japan da maƙwabciyata ta koya mini: a murƙushe dankalin, a zuba kokwamba da mayonis, a ci da sanyinsa gefen shinkafa. Ina ta hasko shi yana yabona kamar a littattafan soyayyar da nake karantawa.

Ina wanka sai Inna, mahaifiyarsa, ta ɗora salad ɗin a wuta. Ta ce, "'Yata, na rufa miki asiri. Ba a ba miji abinci mai sanyi."

Duk ya narke ya koma mai. Malam ko taɓawa bai yi ba, kuma yau da safe ya sake tafiya.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Baba.

Ƙanwarki,
Rabi