Muryata Ce Ta Hana Kawuna Zuwa Asibiti

Assalamu alaikum mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku bari in kai aya kafin ku fara zagina, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

In kana cin kasuwar Kiru ko Bebeji ko Tudun Wada, ka san muryata ko da ba ka san fuskata ba. Ni nake naɗa wa 'yan kasuwa tallan da suke sawa a lasifika yana ta maimaita kansa tun hantsi har la'asar. Na fi shekara goma ina yi wa wani dila tallan bel ɗin ɗaure ƙugu, mai robar nan da ake matsewa. Wallahi asalin bel ɗin nan bai taɓa canzawa ba, ɗinki ɗaya, roba ɗaya, magana ce kawai take sake riga. Da farko cewa muke, "Ɗamarar manomi, ta riƙe maka baya ka yi huɗa." Gaskiya tsagwaronta, kuma ana saye jefi-jefi. Da irinsa ya cika kasuwa sai dila ya ce ɗamara sunan ƙauye ne, mu koma "bel ɗin likita". Wane likita? Oho! Can kuma aka liƙa masa wasu ƙarafa huɗu kamar maɓalli, ya zama "mai maganaɗisu, mai tsotse ciwo daga ƙashi". Na ce, "Alhaji, wannan fa ta yi yawa." Ya ce, "Murya na saya a wurinka, ba fatawa ba." Na karɓi aikin. Abin kunyar ma, da na zo naɗa ni na ƙara gishiri, ba wanda ya sa ni. Na ce, "Wallahi ni kaina wata uku na yi a kwance, na ɗaura, na miƙe! Ba allura, ba tiyata!" Ni da ko ciwon baya ban taɓa yi ba.

Kawuna manomi ne a wajen Doguwa, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Bara ƙafarsa ta dama ta soma yi masa nauyi, yana jin ta kamar ba tasa ba. Likita ya ce ƙashin baya ne yake danne jijiya, a kai shi Kano a yi aiki tun da sauran dama. 'Yarsa Hadiza ta ɗauko shi, suka sauka Tudun Wada za su canza mota, ashe ranar kasuwa ce. Yana jin lasifika ya ja ya tsaya. "Hadiza, wannan ba muryar ɗana ba ce?" Ta yi magiya, ta yi kuka, ya ce ɗan da ya raina da hannunsa ba zai rantse da Allah a kan ƙarya ba. Ya sayi bel biyu, suka juya gida.

A makon Hadiza ta kira ni. "Yaya, da gaske ka taɓa kwanciya ba mu sani ba?" Kun san me na ce? Na ce, "A ci gaba da gwadawa, Allah ya sa a dace." Tir da wannan baki nawa! Yau wata bakwai ke nan. Ƙafa biyun duk sun taɓu, a zaune yake salla, masararsa ma maƙwabta suka cire masa.

Abin da ya ƙarasa ƙona min rai, satin da ya wuce dila ya kira ni in naɗa sabo. Wai yanzu hukuma ta sa ido, a cire "ciwo", a cire "likita", a ce "tallafin ƙugu, hutun jiki, jin daɗin zama". Yana faɗa yana shan lemo, ko a jikinsa. Wato mun dawo ɗamara ke nan, sai dai an shafa mata hoda! To wa zai bi ƙauyuka ya kwashe tsohuwar maganar daga kunnen tsofaffi? Na zazzaga masa rashin mutunci a gaban shagonsa, na ce kawuna yana can yana jan gindi saboda bel ɗinsa. Ya bari sai da na gama, ya ce, "Ni na ce ka ce ka yi wata uku a kwance?" Kuma bai yi ƙarya ba.

Yanzu likita ya sake sa wa Kawu ranar aiki, Litinin mai zuwa, ya ce in aka wuce wannan kada a zarge shi. Jiya na je Doguwa da niyyar in fasa ƙwai kowa ya huta. Kawu ya ɗaga riga ya nuna min inda bel ya ci masa fata, yana murmushi. Ya ce, "Kai yaro ne shi ya sa wata uku ya ishe ka, ni tsoho dole nawa ya daɗe. Ba inda za ni. Faɗa min dai, da safe kake ɗaurawa ko da yamma?"

Jama'a, Hadiza tana tsaye tana kallon bakina, na ce, "Da safe, Kawu."

Saura kwana uku. In na faɗa masa gaskiya zai je asibiti, amma ba zai ƙara ce min ɗana ba. In na yi shiru, ƙafafunsa ne za su biya. Na san amsar, bakina ne yake cin amanata duk sanda na zauna a gabansa. Me zan yi?