Kwandalolin da Mijina Ke Tsinta Nasa Ne

Gwaggo Beryl,

Don Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis. Na yi abin da ban san ta inda zan warware shi ba, kuma a ƙauyen nan idan na faɗa wa mutum ɗaya, maganar za ta riga ni isa gida.

Mijina Clive ya yi shekara ashirin da biyu yana aiki a wurin fasa dutse, aka rufe wurin daf da Kirsimeti. Tun daga nan ya zama kamar an zare masa laka. Sai ya wuni gaban taga, shayi ya huce a hannunsa, ko gemu ya daina askewa. Ni shara nake yi a makarantar firamare, abin da nake samu bai taka kara ya karya ba. Ban taɓa gaya masa yadda muka ƙuntata ba, don na ga abin da ke kansa ya ishe shi.

A watan Janairu kuɗin mitar gas ɗin da ke ɗumama mana gida ya ƙare, saura kwana huɗu a yi albashi, ga 'yarmu Josie tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Na zazzage jaka da aljihun riguna, ban haɗa abin kirki ba. Nan shaiɗan ya tuna mini da gwangwanin biskit da ke saman kabad.

Marigayi surukina Wilf, tun da aka haifi Josie har ya rasu, duk shekara sai ya sayi jerin kwandalolin bugun musamman, irin waɗanda ake yi wa masu tarawa. Suna zuwa a rufe cikin gidan roba, hannu bai taɓa su ba, suna sheƙi kamar madubi. A bayan kowane kwali ya rubuta shekarar da sunanta da wannan karkataccen rubutun nasa. Guda shida ne. Na sa wuƙar man shanu na ɓalle uku, na kai kantin Maureen na sa a katin gas. Ko kallonsu ba ta yi ba, ta watsa a aljihun tebur tana ba ni labarin ciwon gwiwarta.

Da aka yi albashi na ce bari in gyara ɓarnata. Na samo sababbin kwandaloli, na dirje su da man goge tagulla, na jera, na liƙe robar da gam. A lokacin har ina ganin na yi dabara.

To, ƙauyenmu kanti ɗaya ne, mashaya ɗaya, sai motar mai soya kifi da dankali da ke zuwa ran Juma'a. Kuɗi ba ya nisa. Wata safiya a watan Maris Clive ya je sayen madara, sai ga shi ya shigo yana haki. "Ke, yar da tsumman nan ki zo ki ga ikon Allah!" Kwandalar kwabo hamsin ce a tafin hannunsa, duk ta kakkarce, amma ya karkata ta a hasken taga yana nuna mini sauran sheƙin da kaifin bakinta. Ya ce mutum zai iya shekara talatin yana duba canji bai ci karo da irinta ba. Gwaggo, ina ganinta na gane cikin waɗanda na kai wa Maureen take.

Yanzu ya tsinci biyar. Ya koma aski, yana fita, yana tsokanar Maureen wai ta bar shi ya leƙa aljihun teburinta, ita kuma tana ce masa ya nemi aikin yi. Ya koma taron masu tara kwandala da ake yi a saman mashaya. Mijina ya dawo, kuma ɓarnata ce ta dawo da shi. Shekaranjiya muna cin abinci ya ce, "Ko dai ɓarawo ne ya shiga gidan wani, ko wani sakarai ne ya ci gado bai san abin da ya gada ba. Da zan gan shi, sai na tambaye shi ko da ƙwaƙwalwa aka haife shi." Na taya shi dariya.

Abokansa na taron sun ce ya yi musu bayani ranar Alhamis mai zuwa, shi kuma ya ce zai ɗauki na babansa ya ajiye kusa da na tsintuwar, su ga bambanci. A gabansu zai buɗe gwangwanin.

Na yi tunanin in ɓoye shi in ce ya ɓata. Na yi tunanin in ci bashi in sayo wasu a asirce. Ina jin tsoro ƙwarai. Ba faɗansa nake tsoro ba, kujerar gaban tagar nan nake tsoron ya koma. Me zan yi? Kuma da gaske na salwantar da dukiyar 'yata?

Mai Wuƙar Man Shanu, daga wani ƙauye a arewa

*

'Yata,

Bari mu fara da mai sauƙin. Ba ki salwantar da dukiya ba. In dai ba na azurfa ko zinariya ba ne, irin waɗannan jerin ba su sa kowa ya yi arziki. Darajarsu tana cikin cewa ba a taɓa su ba, kuma da zarar sun shiga hannun jama'a sun kakkarce, kaɗan suke ɗara abin da aka rubuta a jikinsu. Sheƙin ba ya dawowa. Man goge tagulla kuwa ki mayar da shi wurin hannun ƙofa, don ba abin da ke kashe kwandala kamarsa.

Maganar ɓoyewa da sayowa a asirce, ki bar su. Mutumin da ya gane kwandala ɗaya a cikin canjin madara ba za a rufe masa ido da gam ba. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko tsada.

Kada kuma ki raina ciwon da zai ji. Abin da hannun mahaifinsa ya ajiye wa jikarsa ne, kuma kin bar shi wata biyu yana murna a kan asararsa. Yana da haƙƙin ya yi fushi, ki bar shi ya yi. Amma ni ba zan kira uwar da ta ɗumama ɗakin 'yarta mai tari sakarai ba, kuma ban yi zaton Wilf zai kira ta haka ba.

Ki faɗa masa gobe da rana, Josie tana makaranta, gwangwanin yana kan tebur. Kada ki bari ya gano a gaban abokansa, wannan kunyar ce ba zai manta ba. Ki fara da mitar gas, sannan wuƙar. Kwalayen da rubutun baban suna nan, jeri uku ba a taɓa su ba, biyar kuma sun riga sun dawo gida. Sauran ku nema tare, Maureen za ta buɗe muku aljihun teburin in kun roƙe ta.

Ga abin da nake so ki shirya masa. Ba na jin zai daɗe a kan kwandalolin. Tambayar da zai yi ita ce, me ya sa gida ya yi sanyi ba a gaya masa ba. Kin ɗauke masa nauyin don tausayi, amma namijin da aka sallama daga aiki, aka kuma sallame shi daga damuwar gidansa, me ya rage masa in ba taga ba? Ki ba shi rabonsa na wahalar nan. Mutumin da ake buƙata ba ya samun lokacin zama.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ki ƙarfin buɗe baki, ya ƙara wa Josie lafiya.

Gwaggo Beryl