Fayil Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Zuwa ga matata, Maman Alƙaliya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙafar taki, ta daina kumbura? Ki gaishe mini da Inna. Ni lafiya lau, in ban da ciwon bayan nan da kika sani. Abincin wurin aiki yana nan yadda yake, kullum da safe dafaffen ƙwai. Nakan miƙa wa Dogo nawa, abokin aikin nan da ke kwana a gadon samana, shi kuma yana ta shi mini albarka, a zatonsa kirki ne ya yi mini yawa.

Za ki yi mamakin na koma rubutu alhali ga waya. Mu biyar ne a ɗakin nan, ko tari ka yi sai wani ya ce maka sannu. Maganar da zan yi ba ta gaban mutane ba ce. Yau ranar hutuna ce, duk sun fita, na kife bokiti na ɗora takarda a kai.

Tun ranar da yarinyar nan ta ce nazarin laifuka da masu laifi za ta karanta a jami'a gabana bai daina faɗuwa ba. Ban hana ta ba. Da wane bakin? Yarinyar da tun tana 'yar shekara biyar take zaunar da yaran layi tana yi musu shari'a, har sunan Alƙaliya ya bi ta. Na ce a raina, shekara huɗu ce, za ta wuce. To ga ta a shekarar ƙarshe, kuma binciken da za ta rubuta kafin a ba ta digiri a kan direbobin da ke buge mutum su gudu ne.

Malamar da ke duba aikinta ta samo mata tsofaffin fayilolin kotu guda ashirin. Ƙa'idar aikinsu ita ce a bi da baƙin tawada a shafe sunan mutum, da lambar mota, da sunan titi, kowa ya koma lamba. Makon jiya ta turo mini babi na uku a waya, ta ce, “Baba, kai tsohon direba ne, duba mini inda na yi shirme a kan mota.” Na kai shago aka buga mini, na karanta lokacin hutun rana, a zaune tsakanin injinan wankin asibitin nan, zanuwan gado suna ta juyawa.

Lamba goma sha bakwai: direban bas, shekara talatin da huɗu, mata ɗaya, 'ya ɗaya. Ya sauke fasinjoji yana komawa gareji da hantsi, ya buge mai keke, bai tsaya ba. Mai keken ya yi rabin awa a kwance kafin a ɗauke shi, ya cika a hanyar asibiti. Direban ya kai kansa bayan kwana uku. Ɗaurin shekara huɗu.

Ba sai na gaya miki ko wane ne ba. Ke kika wanke rigar da na dawo da ita ran nan.

Kin san abin da ta rubuta a kaina? Wai wannan mutum ne da ya fi tausayin lasisinsa a kan ran ɗan Adam. Hausarta ko Turancinta, duk ɗaya, yarinyar ta iya yanka.

Yayanki ne ya ce a gaya mata na tafi aiki wata ƙasa, tana 'yar shekara uku. Da na fito, babu mai ba ni ko baro in tura, sai ƙaryarsa ta zama gaskiya, ga ni shekara goma sha huɗu ina ninke zanen marasa lafiya a garin mutane. Har yau ina jin haushinsa. Amma shi ya ci da ku shekara huɗu bai taɓa goranta mini ba, wannan kuma ba zan danne masa ba.

Ki ba ni shawara. Mu gaya mata, ko mu yi shiru?

Ki huta lafiya.
Mijinki,
Baban Alƙaliya

*

Maman Alƙaliya,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗin jin ƙafa ta yi sauƙi. Ki ci gaba da ɗora ta a kan matashi, ki daina yawan tsayuwar nan.

Saƙonki ya iso. Kin ce mu bari ta gama jarrabawa, saura wata uku, kada mu rushe mata karatu. Na yarda da ke a ranar, kuma har yanzu ina ganin kin fi ni hankali. Sai dai na ɓata komai da hannuna, gara ki ji daga bakina.

Dole in ba ta amsa, tunda ta tambaya. Na bi fayilolin da ke cikin babin ɗaya bayan ɗaya ina gyara mata abin da ya shafi mota, har ta turo mini dariya ta ce ashe tsohon nata farfesa ne. Da na zo kan goma sha bakwai na yi niyyar in tsallake. Amma ta rubuta cewa direban ya yi ƙaryar birki ya ƙi, domin mai duba motoci ya gwada washegari ya tarar da birki lafiya lau. Maman Alƙaliya, shekara goma sha takwas maganar nan tana ci mini rai. Birkin bas irin wannan da iska yake aiki. In bututu yana yoyo kaɗan, aka bar inji yana aiki a tsaye, tanki zai cika, duk wanda ya taka zai ce lafiya. Sai ka yi ta tsayawa kana tashi, ka zo gangare, sannan ƙafarka ta nutse har ƙasa. Na faɗa a kotu, babu wanda ya saurare ni, alƙalin ko keke ban jin ya taɓa gyarawa. Yanzu kuma ga 'yata tana maimaita maganarsu.

Sai direban da ke cikina ya tashi. Na rubuta mata shafi biyu a kan tanki da bututu da gangare. A ƙarshe na ƙara da cewa, shi ma mai keken da ya ɗora kiret-kiret na ƙwai har sun fi kansa tsawo, ta yaya zai iya kaucewa?

Na tura. Na tafi na ɗebo zanuwa daga injin busarwa, ina ninkewa ni da Dogo, shi riƙe da gefe ɗaya ni da ɗaya, sai wayar ta yi ƙara. Layi ɗaya ne. “Baba, a wane shafi aka ambaci ƙwai?”

Babu ƙwai a fayil ɗin. Na koma na karanta sau uku. Babu gangare ma. Ɗan sandan da ya rubuta rahoton bai ga ƙwai abin rubutawa ba. Ni kaɗai na gan su, a madubin gefe, titi ya yi rawaya tun daga tayar baya har bakin kwata.

A shekararta ta biyu ta taɓa ba ni labarin darasin da ake koya musu na yi wa shaida tambayoyi. Tana dariya ta ce malaminsu ya ce kada su wahalar da kansu neman ƙarya, su saurari wanda ya san abin da bai kamata ya sani ba. Har na yaba wa malamin. Kuma yarinyar nan tun tasowarta ta san abu ɗaya game da ubanta, ba ya cin ƙwai, ko warinsa ba ya so. Duk zuwan da na yi hutu sai ta tsokane ni a kai.

Na kira sau biyu, ba ta ɗauka ba. Dogo ya ce, “Tsoho, ka ga fuskarka kuwa? Ko zanen mamaci ka taɓa?” Na ce masa baya ne.

In ta zo gida, kada ki ƙara mata wata ƙaryar. Ki yafe mini.

Naki,
Baban Alƙaliya

*

Maman Alƙaliya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya kika ji da abin da na jawo miki?

Na karanta takardarki har ta fara yagewa a wurin ninki. Kin ce ta zo ba sanarwa, ta zauna a bakin gado ko jakarta ba ta sauke ba, ta tambaye ki ina nake daga shekararta uku zuwa bakwai. Kin gaya mata. Kin ce ba ta yi kuka ba, sai ta tambaya su wa da wa suka sani, kika lissafa mata, ta ce ashe duk layin nan ita kaɗai ce baƙuwa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kin ce Yayanki ya zo yana faɗa, wai ga amfanin barin 'ya mace ta karanci 'yan fashi da masu kisa. Ki gaya masa in ji ni, karatun bai buge kowa ba. Ni na buge.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar dokar makarantarsu da kika ce ta yi miki bayani. Ɗalibi ba ya bincike a kan ɗan'uwansa na jini. Ko dai ta je ta gaya wa malamarta cewa goma sha bakwai ubanta ne, wataƙila a ce ta sake aikin daga farko ta rasa shekara, ko ta yi shiru ta miƙa, babu mai sani har abada. Kin roƙe ta ta yi shiru. Ban ga laifinki ba, uwa ce ke. Amma ni ba zan roƙe ta haka ba. Na san wannan hanyar, na bi ta da bas. Ka duba madubi, ka ga babu kowa a titi, ka ƙara wuta.

Kuma bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa miki ba. Maganar birki gaskiya ce, zan maimaita ta a gaban Ubangijina. Amma birki ya bayyana yadda na buge shi ne kawai. A ƙasan gangaren motar ta tsaya da kanta. Na zauna riƙe da sitiyari, na ga ƙafarsa tana motsi a madubi, na sa giya na tafi. Shekara goma sha takwas ina ɓuya a bayan bututun iska. Abin da yarinyar nan ta rubuta a kaina ya yi zafi, amma ban sami inda zan gyara mata ba.

Yau kwana ashirin da uku ba ta ɗauki wayata ba. Kullum da safe ina tura mata gaisuwa, ina ganin alamar ta karanta. Ban san ko ina da 'ya ba yanzu. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Baban Alƙaliya

*

Maman Alƙaliya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Inna. Wannan gajeriya ce, an kusa kiran mu aiki.

Wataƙila ta riga ta gaya miki. Ta je wurin malamar da ƙafarta ta faɗa. An cire goma sha bakwai daga aikinta, an ce ta sake babi biyu da fayil goma sha tara da suka rage. Ba za ta fita tare da 'yan ajinsu ba, sai bayan wata shida. Na san ranki zai ɓaci. Ni ma ya ɓaci, don ni na ci mata wata shidan nan. Amma da na ji, sai da na shiga ɗakin ajiyar sabulu na rufe ƙofa na ɗan jima.

Ba ta kira ba. Takarda ta aiko, da hannunta, shafi ɗaya. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma sa ran haka ba. Ta ce yanzu ni ba aikin makaranta ba ne, don haka tana da damar tambayata abin da ta ga dama, kuma in na sake yi mata bayanin birki ba za ta ƙara rubutowa ba. Tambayoyi tara ta jero, da lamba, kamar takardar jarrabawa. A sama ta rubuta “Baba”. Na daɗe ina kallon kalmar.

Ta farko ita ce, mai keken da aka shafe sunansa da tawada, ya sunansa, kuma wa ya bari?

Na sani. Sau ɗaya aka karanta sunan a kotu, ban taɓa furta shi ba, ko ke ban gaya miki ba, amma babu ranar da ban ambace shi a zuci ba. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyu. Matar tana zaune a benci na biyu ranar hukunci, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Ban taɓa aika musu ko gaisuwar ta'aziyya ba. Ina jin tambaya ta tara can za ta kai ni, domin cewa ta yi, in na zo hutu, ina da ƙarfin zuwa wani wuri tare da ita?

Jiya na rubuta mata sunan, cikakke, da na mahaifinsa, a takarda daban. Na daɗe a kan layin har Dogo ya ce ko in kawo ya rubuta mini. Na ce a'a, wannan nawa ne.

Saura takwas. Ta ce kada in yi sauri, ɗaya a mako, kuma za ta gane in na tsallake wani abu. Na san za ta gane.

Na nemi hutu a wata na huɗu. Ki gaya wa Yayanki zan zo in gaishe shi.

Ki kula da ƙafar nan.
Mijinki,
Baban Alƙaliya