Cukun da na shanya a rana

Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya yara, ya mutanen Korgom? Ni lafiya lau, sai sanyin duwatsun Faransa.

Makon jiya na yi ɓarna a gonar da nake aiki. Na tarar cukun mai gonar ya yi fumfuna a ɗakin ajiya, sai na shanya shi a rana, yadda Inna ke yi a da. Ashe mutanen nan da fumfunar suke son shi. Aikin wata uku ya lalace.

Mai gonar, wani tsoho, bai kore ni ba. Ya tambayi wanda ya koya mini. Na ce uwata, Allah Ya jiƙanta. Sai ya miƙo mini madara, ya ce, "Yi mini irin nata."

Na yi ina kuka, Yaya. Hannuna bai manta ba.

Ki sa ni addu'a, ki gaida Baba.

Ƙanwarki,
Zainabu